Giyabos ɗin Motar Alhaji Hadi

Ranakun aiki da yawa sun wuce ni ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma har gobe ban manta da Talatar da aka ɗauke ni daga garejinmu na Gwarzo aka kai ni Garo in duba wata koriyar mota ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye sifana, wannan zan ba ku.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, sunana Isyaku. A gareji ana ce mini Isyaku Mai Giya, ta mota fa, ba ta kwalba ba. Na fara da koyon gyaran tarakta, na yi shekara bakwai a hannun maigidana, sannan na koma ƙananan motoci. Sama da shekara talatin ke nan ba abin da nake buɗewa sai giyabos, wato akwatin ƙarfen nan da ke tsakanin inji da ƙafafun mota, wanda ke sauya gudu idan direba ya tura sandar giya. A garejinmu kowa da ɓangarensa, akwai mai wayarin, akwai mai walda. Malam Ado, wanda muka buɗe wurin tare, shi ne mai inji, kuma shi ne shugabanmu.

Shekara huɗu ke nan, bayan an gama yankan dawa, wata mata ta zo garejin da hantsi. Ta ce sunanta Hajiya Bilkisu, malamar asibiti ce a Kano, amma 'yar Garo ce. Bayan mun gaisa ta ce mahaifinta, Alhaji Hadi, tsohon malamin dabbobi, yana da wata mota da ta shekara goma sha tara a ajiye.

Ta ce, "Malam Isyaku, makanikai biyu sun leƙa ta, sun ce giyabos ɗin ya mutu. Ni dai so nake wanda ya san abin ya buɗe, ya gaya mini gaskiya: zai tashi ko ba zai tashi ba. Baba ya tsufa, kullum sai ya je ya tsaya a kanta. Ina so ya sake jin kukanta."

Na ce mata dubawa daban, gyara daban. Dubawa zan fara yi, in rubuta mata abin da na gani, sannan ita da mahaifinta su yanke shawara. Ta amince.

Motar tana cikin wata rumfar kwano a bayan gidan, kusa da rumbunan hatsi, an ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe da tamfol. Da aka yaye sai na tsaya ina kallo. Irin motocin nan ne na Turai na zamanin da, masu kujera biyu kacal, gajera har ba ta kai mini ƙugu ba, mai dogon hanci, rufinta na naɗewa. An ƙera ta don gudu da nishaɗi, ba don ɗaukar buhu ba. Alhaji Hadi ya saye ta ne yana saurayi, a hannun wani Baturen injiniya da ya gama aikin madatsar ruwa zai koma gida. Fentin ya dushe, amma babu tsatsa. Na ga alamar ana goge ta.

Alhaji ya fito da sandarsa, dogon mutum, fari, mai magana a hankali. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi amfanin gona da shanu. Sannan na fara da abin da nake fara kowane aiki da shi, wato tambayar tarihi. Na ce, "Alhaji, yaya aka yi ta tsaya?"

Ya ce, "Ƙanena Sabo ne ya are ta zai je ɗaurin aure Funtuwa. Ban taɓa ba kowa ita ba sai ranar. Can ya yi ta wasa da ita a gaban abokansa har ya kashe mata giya. Ya dawo a motar haya ya ce mini wai giya ce kawai ta ƙi shiga, shi bai yi komai ba."

Na ce, "To yaya ta dawo gida?"

"Ni na je da kaina washegari. Wani makanike a bakin hanya ya duba ya ce giya ta mutu. Muka samu babbar motar hatsi da za ta dawo wofi, aka ɗaura ta da sarƙa, na zauna a sitiyari. Bayan mun wuce Dayi na ji wani ƙara a ƙarƙashina, motar ta girgiza, mai ya zube a titi. Na ce to, ragowar ɓarnar Sabo ce ta ƙarasa."

Na rubuta duk wannan a littafina. A hanyar komawa Hajiya Bilkisu ta gaya mini cewa tun daga lokacin mahaifinta da Baffa Sabo ba sa shiga harkar juna. Gaisuwa ce kawai idan an haɗu a jana'iza. Baffan ma ya tattara iyalinsa ya koma Madadi, wajen dangin matarsa.

Ranar Laraba ni da Malam Ado muka koma da kayan aiki, muka sauke giyabos ɗin muka kawo gareji. Bari in faɗi yadda dubawa take, don na ga wasunku suna tsallake rabi. Da farko sai ka zubar da man da ya rage a farin kwano, ka ga abin da ke ciki. Sannan ka kwance a hankali, kana jera kowane ƙarfe a kan tebur bisa tsarin da ya fito, daga hagu zuwa dama. Sai ka wanke komai da kananzir, ka bari ya bushe. Kafin ka wanke ba ka da ikon cewa komai, don baƙin mai yana ɓoye tsaga, yana kuma sa lafiyayyen ƙarfe ya yi kama da matacce. Bayan haka ka auna, ka raba kayan kashi uku: masu lafiya, masu gyaruwa, da waɗanda sai an sauya.

Man da ya rage bai cika kofin shayi ba, kuma da na juye sai ga gutsattsarin haƙoran giya kamar tsakuwa a cikin wake. Kwanson giyabos ɗin, wanda na alminiyam ne, ya tsage daga ƙasa, tsawon tafin hannu. Giya ta biyu ta narke ta manne da sandar da take juyawa a kai, sai da muka sa ta a injin matsa kafin ta rabu. Ita kuwa sandar ta sauya launi, ta yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara. Ƙarfe ba ya yin wannan launi sai ya sha zafi mai tsanani. Giyar ƙasa, wadda ke haɗuwa da ta biyun, haƙoranta bakwai sun karye. Ban ga laifin makanikan da suka ce ya mutu ba. Duk wanda ya leƙa ta tsagar nan haka zai ce.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kayan da ba su lalace ba. A cikin kowane giyabos akwai wasu zobba na tagulla, su ne ke daidaita gudu kafin giya ta shiga. Direban da ke cin zalin mota, mai fizgar sanda, mai sa giya ba tare da ya taka kuloci sosai ba, a jikin zobban nan ake kama shi. Za ka ga sun cinye, ƙananan haƙoran da ke gefensu sun dakushe, man kuma ya cika da garin tagulla. Na ɗauki zobban motar Alhaji ɗaya bayan ɗaya na duba a rana. Bakinsu na nan da kaifinsa. Duk wanda ya tuƙa motar nan, har zuwa ranarta ta ƙarshe, yana tausayin giya.

Sai na koma kan kuloci. Akwai wani ƙarfe mai yatsu biyu kamar cokali da ke tura shi idan direba ya taka. Na same shi a karye. Da na duba bakin karayar, rabi ya yi baƙi sumul, alamar tsagar ta daɗe tana ci a hankali, rabin kuma garas, alamar ranar da ya ƙarasa rabuwa. Idan wannan ƙarfe ya karye, ka taka kuloci har ƙasa, giya ba za ta shiga ba. Daidai abin da Sabo ya faɗa ke nan. Gyaran rabin yini ne.

Daga nan sauran bayanin ya fito da kansa. A cikin giyabos sanduna biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasa ce ke nutse a mai, inji ne ke juya ta, ita kuma tana watsa man zuwa sama. Idan inji a kashe yake aka ja mota ƙafafun baya suna ƙasa, farfela, wato doguwar sandar da ta taho daga ƙafafun baya, za ta yi ta juya sandar sama ita kaɗai, ta ƙasa tana tsaye, babu mai watsa mai. Tafiya kaɗan ba komai. Amma daga Funtuwa, a bayan babbar mota marar kaya da direbanta ke saurin isa gida, ƙarfe zai yi ta cin ƙarfe a bushe har ya narke. Da giya ta biyu ta manne, sai ta finciki ta ƙasa da ƙarfi, haƙora suka karye, kwanso ya tsage. Ƙarar da Alhaji ya ji bayan Dayi ke nan. Da an kwance farfela kafin a ɗaura sarƙa, noti huɗu kacal, da babu abin da zai faru.

Na kira Malam Ado na nuna masa. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya zauna a kan benci.

Ya ce, "Isyaku, an tambaye ka zai gyaru ko ba zai gyaru ba. Ka rubuta abin da ya lalace, ka bar dalili. Dattijo ne. Me za ka ƙara masa?"

Na ce, "Idan na bar dalili, aka gyara, gobe ta tsaya a hanya aka sake jan ta fa?"

"Sai ka ce kada a ja ta. Ba sai ka tono abin da ya wuce ba."

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma na kwana biyu ina juya ta. Ni makanike ne, ba alƙali ba, ba a kuma kira ni sulhu ba. Amma akwai mutum a Madadi da aka ɗora wa laifi shekara goma sha tara, shaidarsa kuma tana kan teburina a jere. Na ga idan na rufe baki na shiga cikin masu ɗora masa.

Na kira Hajiya Bilkisu a waya na yi mata bayani. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ni ba zan iya gaya masa ba. Daga bakina zai ji kamar ina goyon bayan Baffa ne. Kai ka faɗa masa, Malam, ka zo da ƙarafan. Baba yana girmama mai sana'a."

Ranar Asabar bayan la'asar na je Garo. Na jera abubuwa huɗu a faranti: zoben tagulla ɗaya, karyayyen cokalin kuloci, sandar da ta yi shuɗi, da giyar da ta narke. Muka zauna a zaure, ni da Alhaji da 'yarsa. Na fara da labari mai daɗi, na ce giyabos zai tashi idan an samu kaya. Fuskarsa ta saki. Sannan na miƙa masa zoben, na gaya masa abin da zobe ke nunawa game da direba. Na miƙa masa cokalin, na nuna masa tsohuwar tsaga da sabuwa. Na bar sandar a ƙarshe, na bayyana yadda mai ke hawa sama, da abin da ke faruwa idan bai hau ba.

Na ce, "Alhaji, ranar da aka jawo ta, an kwance farfela?"

Ya ce, "Ba a kwance komai ba. Sarƙa kawai aka ɗaura."

Ya riƙe sandar yana juya ta a hannu, yana kallon shuɗin. Mutum ne mai ilimi, bai buƙaci in ƙarasa masa ba.

Can ya ce, "Kana da tabbas?"

Na ce, "Ban ga ranar ba, Alhaji. Ƙarfe na gani. Amma a iya sanina, wannan zafin ba ya samuwa inji yana aiki. Kuma makaniken nan da ya duba ta a bakin hanya, shi ya kamata ya faɗa maka. Wannan kuskuren irinmu ne, ba naka kaɗai ba."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kada ka rage mini. Mu ma idan saniya ta mutu muka buɗe ta, abin da hanta ta nuna shi muke rubutawa, ko mai ita ya so ko bai so ba." Ya ajiye sandar a faranti. "A gaban Innarmu na ce masa maƙaryaci. Ya rantse, na ce rantsuwarsa ba ta da daraja. Ta rasu ba mu shirya ba."

Hajiya Bilkisu ta sunkuyar da kai. Ni kuma na rasa inda zan sa idona, sai na shiga naɗe tsumman da na rufe farantin da shi.

Alhaji ya ce, "Malam Isyaku, gobe kana da aiki?"

Na ce babu wanda ba zai jira ba.

"To za ka raka ni Madadi. Ka zo da farantin nan. Abin da ka faɗa mini, ka faɗa a gabansa, kada ka sauya ko kalma ɗaya."

Mun isa Madadi da hantsi a motar Hajiya Bilkisu. Muka samu Malam Sabo a bayan gida yana zuba wa shanu harawa. Ya fi Alhaji jiki, amma furfurarsu ɗaya. Da ya ga wanda ya fito daga mota sai ya tsaya da harawar a hannu. Ya ce, "Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

Alhaji ya ce, "Ba wanda ya rasu. Magana na kawo."

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo amma a bushe. Sannan Alhaji ya nuna ni, ya ce ga wanda ya buɗe motar. Na maimaita bayanina tun daga zobe har sanda, kamar yadda na yi a Garo. Malam Sabo bai katse ni ba. Da na miƙa masa cokalin kuloci ya karɓa, ya shafa bakin karayar da babban yatsa.

Ya ce, "Wannan ɗan abin ne?"

Na ce shi ne.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Sabo, na zalunce ka. Gaskiya ka faɗa, na ƙaryata ka. Ni na kashe motar da hannuna. Ka yafe mini."

Malam Sabo ya daɗe yana kallon shanunsa. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Ni na san ban yi ba, Yaya, ban taɓa shakka ba. Inna ce na so ta ji." Ya ajiye ƙarfen. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ga lokaci ya yi da baƙo zai ba su wuri. Tun da muka shigo na hango wani injin ban-ruwa a jingine da katanga an kwance masa kai. Na ce, "Malam Sabo, wancan injin me ya same shi?" Ya ce ya ƙi tashi tun damina. Na ɗauki jakata na koma can. Aikin minti ashirin ne, amma na ja shi har azahar. Ina jin muryoyinsu daga nesa. Daga baya aka kawo fura da nono, aka kira ni muka sha tare.

Rahoton da na rubuta wa Hajiya Bilkisu shafi ɗaya ne. Kwanso zai gyaru da walda. Zobba, giya ta ɗaya, ta uku, ta huɗu da ribas duk lafiya. Sandar sama, giya ta biyu, giyar ƙasa, boris duka (ƙwallayen da sanduna ke juyawa a kansu) da cokalin kuloci sai an sauya. A ƙasa na rubuta dalili, na kuma ja layi a ƙarƙashin gargaɗin farfela. Kayan ba su samu a Kano ba, mun zaga har mun gaji. Sai da ta sa wata ƙawarta a ƙasar waje ta nemo a wurin masu tara tsofaffin motoci. Kwanson kuma wani mai waldar alminiyam a Kabo ya ɗinke shi, muka cika shi da kananzir ya kwana uku bai ɗiga ba. Malam Ado ya tashi injin. Duka aikin ya ɗauke mu wata tara. Har yau giya ta biyu tana ɗan kuka idan mota ta yi sanyi, don sabon haƙori da tsoho ba sa sabawa da wuri, kuma na gaya musu haka tun kafin su tambaya.

Ba zan ce muku 'yan'uwan nan sun koma kamar da ba. Shekara goma sha tara ba ta gogewa da zama ɗaya a tabarma. Malam Sabo bai dawo Garo ba, ya kuma ce shi da shiga motar nan har abada. Amma 'ya'yansa ne ke noma fadamar Alhaji yanzu, kuma da Alhaji ya kwanta asibiti bara, an ce mini Sabo ne ya yi jinyarsa.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku ci gaba da riƙe sifana, shi ne wannan. Idan aka kawo muku abin da ya lalace, kada ku tsaya kan ɓarnar kaɗai, ku duba abin da ya tsira, don sau da yawa shi ke faɗin yadda aka yi. Kada ku yanke hukunci kafin ku wanke. Kuma ku sani maganar makanike ba ta tsayawa a gareji. Mutumin nan na bakin hanya ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce "giya ta mutu", ya koma inuwarsa, ƙila kafin magariba ya manta. Mai mota kuwa ya ɗauki maganar ya kai gida, ya ɗora wa ɗan'uwansa. Mutane suna yarda da mu ne saboda ba sa ganin abin da muke gani. Don haka idan kun sani ku faɗa duka, idan ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba tukuna.